MURƊAR CIKI: Me Hanjinki Yake Faɗa Miki?

Yau hirar tamu a kan ciwon nan ne da ba wadda bai taɓa durƙusar da ita ba, wato murɗar ciki.

Ina aji huɗu a makarantar kwana, ana gobe jarrabawar lissafi, cikina ya ɗaure. Ya murɗa kamar ana matse wanki, ya saki, ina cewa alhamdu lillahi sai ya dawo. Ƙawata ta ce, "Wai ke ina ne yake miki ciwon?" Na kifa tafin hannu a kan cibiya na ce, "Ke dai bari, ko'ina ma." Da asuba na zaga bayi sau biyu, shi ke nan ya wuce.

To me ya faru? Shi hanji ba tiyo ba ne da yake kwance kawai. Ƙaramin hanji ya kai kimanin mita 6, babban kuma mita ɗaya da rabi, kuma duk jikinsu tsoka ce. Tsokar takan matse ta bayan abinci ta saki ta gabansa, kamar yadda kike matso man goge baki. Wasu masana biyu a Landan, Bayliss da Starling, su suka bayyana wannan tsari a 1899. Masu ba da umarnin kuwa ƙwayoyin jijiya ne sama da miliyan 100 da ke cikin bangon hanjin kansa. Dare da rana suna aiki, ba ki ma sani ba.

Abin mamaki, hanji bai cika jin yanka ba. Abin da yake ji shi ne matsa mai ƙarfi, ko iska ta cika shi ya miƙe, ko kumburi. A nan ne jijiyoyin jin zafi suke aika saƙo ta lakar gadon baya zuwa ƙwaƙwalwa. Ya matse ki ji ciwo, ya saki ki samu sa'ida. Su jijiyoyin nan ba su da yawa kamar na fata, shi ya sa ba kya iya nuna wurin da yatsa ɗaya. Ciwon ƙaramin hanji a wajen cibiya ake jin sa, na ƙarshen babban hanji kuma a mara.

Saƙon kuma kai-kawo yake yi. Fargaba takan sauko daga ƙwaƙwalwa ta hargitsa hanji, abin da ya same ni ke nan daren jarrabawa. Haka lokacin al'ada, sinadarin da yake sa mahaifa ta matse yakan taɓa hanji, sai ki ga ciwon mara ya zo da gudawa.

Amma fa a kula! Bayan wasu shekaru ƙanwata ta kwana da irin wannan ciwon na cibiya. Na ce mata, "Haba Auta, nima na yi, zai wuce." Aka jiƙa mata kanwa. Kafin la'asar ciwon ya daina sakinta, ya koma ƙasan ciki ta hannun dama, ga amai ga zazzaɓi, ko tari ba ta iyawa. Ashe afendis ne. A daren aka yi mata aiki, Allah Ya sa da sauran kwana. Har yau in na tuna "zai wuce" ɗin nan sai jikina ya yi sanyi.

Don haka 'yar uwa, in ciwo ya tsaya wuri guda ya ƙi saki, ko ciki ya kumbura ba kashi ba tusa, ko kika ga jini a bayan gida, ko amai ya ƙi tsayawa, kada kunya ta hana ki gaya wa Umma ko metiron. A ajiye jiƙe-jiƙe a nufi asibiti.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.