ƳAN LISE NA KOYON ABIN DA SALULA KE YI MA JAMA'A

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau salula ta shiga birni da ƙauye. Akwai ta a aljihun manomi, akwai ta a wuyan makiyayi, akwai ta a hannun mai saida ƙosai. Muna kira, muna aika murya, muna karɓar kuɗi daga yaranmu da suka tafi cin rani. Amma mu nawa ne suka taɓa zama suka tambayi kansu: mi wannan abu yake yi ma zamanmu? Wa ke cin ribarsa? Wa yake cuta?

A ƙasar Faransa an maida wannan tambaya darasi. Tun shekara ta 2019, yaran da suka shiga ajin farko na lise, wanda ake ce ma segond, suna yin wani darasi da ake kira SNT, wato ilimin kwamfuta da na'urorin zamani. Yara ne ƴan shekara 15 zuwa 16. Suna yin shi awa ɗaya da rabi kowane mako. Ko yaro na son zama likita, ko yana son zama alƙali, sai ya yi shi.

An raba darasin kashi 7: intanet, wato hanyar da ke haɗa kwamfutocin duniya, shafunan da ake karantawa a cikinta, dandalin zumunta irin su Facebook, yadda ake tara bayanai a ajiye su, taswira da gane wurin da mutum yake, ƙananan kwamfutoci da ke ɓoye cikin mota da jirgi da kayan gida, sai kuma hoto na zamani. A kowane kashi malam yana faɗin tarihin abin, da yadda yake aiki, da abin da ya canza cikin zaman mutane. Wannan na ƙarshe shi ne ya shafe mu, don irin na'urar da ke hannun yaran nan ita ce ke aljihunmu.

SALULA TA SAN INDA KAKE

Ana koya ma yara yadda babbar salula ke gane wuri. Akwai taurarin ɗan Adam na Amurka da ake kira GPS, suna kewaya duniya a nisan kilomita wajen 20.000. Kowane yana aiko da alamar lokaci. Idan salula ta ji taurari 4, sai ta yi lissafi ta gane inda take. Da wannan ana auna iyakar gona, ana sa rijiya da burtali cikin taswira, direba kuma ba ya ɓata hanya.

Amma malam yana ce ma yaro: duba bayan abin. Na'urar da ta nuna maka hanya ta san inda ka kwana da inda ka yini. Hoton da ka ɗauka yana ɗauke da rana da lokaci a ɓoye, wani lokaci har da wurin. Idan ka aika shi, kana iya aikawa har da su ba ka sani ba.

HOTO MA YANA ƘARYA

Da muna cewa gani ya kori ji. Yanzu sai an yi hankali. Yara suna koyon cewa hoton salula ƙananan ɗigo ne masu yawan gaske, kowane ɗigo haɗin ja da tsanwa da shuɗi ne, an rubuta shi da lambobi. Wanda ya canza lambobin ya canza hoton. Ana cire mutum, ana sa wani. Ana kuma ɗauko tsohon hoto na wata ƙasa a ce jiya aka yi abin a garin kaza. Don haka ake koya masu tambaya uku: wa ya ɗauka, yaushe, a ina?

Ku duba yadda abin yake a wurinmu. Lokacin kaka, sai murya ta shigo salula tana cewa shanu sun cinye gonaki a gari kaza, ga hoto. Kafin la'asar ta kai gari goma. Zukata sun ɓaci, samari sun ɗauki sanda, alhali ba wanda ya je ya gani. Magana zarar bunu ce. Wadda ta shiga salula kuwa ta fi kowace wuyar maidowa.

KYAUTA CE KO DA BIYA?

An kafa Facebook a Amurka a shekara ta 2004, ya sayi WhatsApp a 2014. Ba a biyan ko dala kafin a shiga. To, ina kamfanin ke samun kuɗi? Daga talla. Yana lura da abin da mutum ke kallo, da abokansa, da inda yake, sannan ƴan kasuwa su biya don a kai tallarsu gaban mai son kayansu. Ashe da labarinka ka biya. Tun 2018 ƙasashen Tarayyar Turai suna aiki da doka mai ba mutum ikon tambayar abin da aka ajiye a kansa, har ya ce a shafe. Ana kuma nuna ma yara cewa damun mutum da zagi da tozartawa ta salula laifi ne a gaban shari'a. Nijar ma ta yi dokarta a kan laifuffukan intanet a 2019.

MI SALULA TA YI MA KASUWAR HATSI?

Mu ɗauki tambayar darasin mu aza ta bisa kasuwarmu. Salula ta shigo Nijar a 2001. Wata malamar jami'a ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwanninmu daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda salula ta iso, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili yake. Da sai ɗan kasuwa ya biya mota ya je ya ji kuɗin buhu. Yanzu kira ɗaya ya isa, sai ya kai kaya inda ake bukata.

Amma da aka sake bincike a kan kuɗin da ake biyan manomi shi kansa, ba a ga ya ƙaru don zuwan salula ba. Labari ya yawaita, amma wanda ke da jari da mota shi ya fi cin moriyarsa. Manomin da bashi ya tilasta ma saida hatsi da kaka, ko ya ji farashin Maradi da na Zinder, ba shi da halin jira. Sai an haɗa labarin da rumbun tsimi da ƙungiya mai ƙarfi.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Ba sai mun shiga lise ba kafin mu yi ma kanmu wannan darasi. Idan labari ya zo ta salula, mu tambayi wanda ya gani da idonsa kafin mu tura gaba. Kada mu ba kowa lambar sirri ta kuɗinmu, ko ya ce daga kamfani yake. Kada mu yaɗa hoton ɗiyar wani ba da izini ba. Kafin mu ɗaure buhu, mu kira kasuwa biyu ko uku.

Masu yara a kolej da lise, idan sun zo hutu ku zaunar da su su nuna maku abin da ke cikin salularku. Ku kuma ku koya masu auna magana, don nan kun fi su sani. Ku tattauna wannan a dandali da wurin taron ƙungiya, ku rubuto mana abin da salula ta gyara da abin da ta ɓata a garinku.