Tsoffin Sulalla a Mubi: Yadda Sabon Mai Tarawa Zai Gane Na Ainihi

Garuruwa kaɗan ne a Nijeriya suka ga kuɗi iri-iri kamar Mubi. Bayan zamanin wuri, garin ya shiga hannun Jamusawa a matsayin wani yanki na Kamaru. Da aka gama Yaƙin Duniya na Farko ya koma riƙon Ingila, sannan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta haɗe shi da Nijeriya. Ga kuma iyakar Kamaru kusa, inda kuɗin Faransa ya riƙa shigowa ta hannun fataken shanu. Shi ya sa har yau in aka buɗe adakar wata tsohuwa akan tarar da anini, kwabo mai huji, taro, sisi, sule, ko farankan Kamaru mai zakara na 1943.

Wanda ya fara sha'awar tara waɗannan kuɗaɗe yana da tambaya biyu a gabansa, kuma bai kamata ya cakuɗa su ba. Ta farko, wannan na ainihi ne ko jabu? Ta biyu, in na ainihin ne, yana da wuyar samu? Mafi yawan asarar da sabbin shiga ke tafkawa a ta biyun take, domin tsufa daban, tsada daban.

Babu misalin da ya kai riyal ɗin azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya, wanda ya yi tashe a kasuwannin Borno da Adamawa, mata kuma suka riƙa ado da shi. Kusan duk wanda za ka gani yana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu. Amma an ci gaba da buga shi da wannan shekarar a Biyana, Landan, Roma, Faris da Bombai, har adadinsa ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Saboda haka 1780 ɗin da dillali ke nuna maka da yatsa ba shaidar shekarun kuɗin ba ce. Yawancinsu darajar azurfar jikinsu kawai gare su, da ɗan ƙari kaɗan.

Haka ma kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarautar Ingila bai cika shekara ba. Labarin yana da daɗin ji, amma an buga kwabon da yawa don Afirka ta Yamma, kuma samunsa ba wuya.

To, ta yaya ake gane jabu? A fara da sikeli. Riyal na gaskiya nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗigo, faɗinsa kimanin milimita 40, kuma kashi 83 cikin ɗari na jikinsa azurfa ne. Ƙaramin sikelin maƙeran zinariya ya isa aikin. In ya gaza da giram biyu ko uku alhali bai sha jiki sosai ba, a yi hattara. Sai a kawo mayen ƙarfe: azurfa ba ta kama shi, in ya manne an gama magana. Amma rashin mannewa ba ya wanke kuɗi, domin dalma da tagulla ma ba sa kamawa.

Daga nan a ɗora shi a kan yatsa a ɗan ƙwanƙwasa gefensa. Azurfa tana ba da amo siriri mai daɗewa, dalma kuwa sai ka ji ɗif. A duba bakinsa da tabaran ƙara girma. Riyal yana da rubutu da ado masu tudu a kewayen bakinsa. Jabun da aka zuba a mazubi yakan fito da layin haɗi a gefe, da ƙananan ramuka kamar tabon ƙyanda, haruffansa kuma a dagule.

Sanin tarihi ma ma'auni ne. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma ta fara fitar da sulen azurfa a 1913, daga 1920 ta koma ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Kwabo mai huji fari ne har zuwa 1952, lokacin da aka koma na jan ƙarfe. Duk kuɗin da launinsa ya saɓa wa shekararsa abin tuhuma ne. Ƙaramin harafin H ko KN da ke jikin wasu alama ce ta ma'aikatun Bamingam da suka buga su, kuma sau da yawa shi da shekara ne ke raba mai araha da mai tsada.

Kuskure ɗaya da ba ya gyaruwa shi ne goge kuɗi da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli. Duhun da ke jikinsa yana cikin shaidarsa, kuma masu saye suna rage farashin gogagge. Wanda aka huda ko aka liƙa wa mariƙi don sarƙa shi ma darajarsa ta ragu.

Ga sabon shiga, shawara ita ce ya fara da masu araha har idonsa ya saba, ya rubuta inda ya samo kowanne, kuma kada ya yi cinikin biri a sama da hoton waya. Duk dillalin da ya hana ka auna kayansa, to ka riƙe kuɗinka.