Dela Cruz: Sunan da gwamna ya hana, ya zama na kowa a Filifins

Kusan kowane aji ya san irin wannan rikici: malam ya buɗe rajista da safe ya kira suna ɗaya, sai mutum biyu su amsa. Daga nan sai a nemi abin raba gardama, wannan ya zama Babba, wancan Ƙarami, ko a liƙa wa kowa sunan unguwarsu. To ku ɗauka rikicin ya tashi daga aji ɗaya ya mamaye ƙasa guda, mai riƙe da rajistar kuma mai karɓar haraji ne. Abin da ya faru ke nan a ƙasar Filifins, inda za mu leƙa a wannan makon domin bin sawun wani sunan iyali guda ɗaya, wato Dela Cruz.

Filifins tarin tsibirai ce fiye da 7,600 a kudu maso gabashin Asiya, kuma ƙidayar 2020 ta nuna tana da mutum miliyan 109. A lissafin sunayen iyali da aka saba yi, Dela Cruz ne ke zuwa kan gaba a ƙasar. Ana furta shi kamar "dela kurus". Sai dai kalmar ba ta fito daga Tagalog ko Sebuwano ko wani harshen tsibiran ba. Daga harshen Sifaniyanci take, ma'anarta "na gicciye", wato alamar nan ta addinin Kirista. Wanda ya ji haka zai iya zaton masu sunan jikokin Turawan Sifen ne. Mafi yawansu ba su haɗa jini da Sifaniyawa ba ko kaɗan, kuma a yau 'yan ƙalilan ne ma a ƙasar ke jin Sifaniyanci.

Yadda sunan ya ƙetare teku

A shekarar 1521 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, Ferdinand Magellan, wanda ke yi wa sarkin Sifen aiki, ya sauka a tsibirin Cebu. Ya kafa gicciye, aka yi wa sarkin wurin, Raja Humabon, baftisma aka sa masa suna Carlos, matarsa kuma Juana. Magellan bai daɗe ba, domin a watan Afrilun shekarar mayaƙan wani shugaba mai suna Lapulapu suka kashe shi a tsibirin Mactan. Mulkin Sifen na sosai ya soma ne a 1565 da zuwan Miguel López de Legazpi, wanda ya mayar da Manila hedikwata a 1571. Sunan ƙasar kansa daga sunan Sarki Filip na Biyu na Sifen aka samo shi. An shafe shekara 333 ana wannan mulki.

Kafin zuwan baƙin, yawancin mutanen tsibiran suna ɗaya suke da shi. Idan mutum ya haihu, akan koma kiransa da sunan ɗansa na fari, kamar yadda mu ma muke cewa Baban wane ko Maman wance. Babu wani suna da ake gada daga kaka zuwa jika.

Da limaman cocin Katolika suka shiga yi wa jama'a baftisma, sai kowa ya sami sunan Kirista irin su Juan, Pedro da Maria, sannan a ƙara masa wani na biyu mai alaƙa da addini. Wani ya ɗauki de los Santos, wato "na waliyyai"; wani de los Reyes, "na sarakuna"; wani Bautista, "mai baftisma". De la Cruz ya fi su farin jini. Dama sananne ne a ƙasashen da ke jin Sifaniyanci, akwai ma wani shahararren malamin addini kuma mawaƙi a Sifen, Juan de la Cruz, da ya rasu a 1591.

Matsalar ita ce kowa zaɓen ransa yake yi. Uba zai iya zama de la Cruz, babban ɗansa de los Santos, ƙaramin kuma wani abu daban. A gefe guda kuma ga ɗaruruwan de la Cruz a lardi ɗaya waɗanda ko hanya ba ta haɗa su ba. Ɗaya daga cikin masu sunan ma ya shiga tarihi: Apolinario de la Cruz, wanda aka fi sani da Hermano Pule. Ya nemi shiga ƙungiyar limamai aka ƙi shi saboda ɗan ƙasa ne ba Bature ba, sai ya kafa ƙungiyar ibada ta 'yan ƙasa. Hukuma ta ɗauke ta a matsayin tawaye, ta tura sojoji, aka kama shi aka kashe a Tayabas a 1841.

Gwamnan da ya share rana guda

A 1844 aka naɗa Narciso Clavería Gwamna Janar na Filifins. Mutum ne da ba ya son ganin lissafi a karkace. Ga misali: saboda Sifaniyawa ta wajen Meziko suke zuwa tsibiran, kwanan watan Filifins yana bayan na maƙwabtanta na Asiya da kwana ɗaya. Clavería ya ba da umarni a tsallake ranar 31 ga Disamba, 1844. Mutane suka kwanta ranar Litinin 30 ga Disamba, suka wayi gari Laraba 1 ga Janairu, 1845. Wanda ya iya share Talata sukutum daga kalanda, sauya wa mutane suna ba zai ba shi tsoro ba.

Ranar 21 ga Nuwamba, 1849 ya fitar da dokar sunaye. Dalilan da ya bayar a fili suke: ba a iya tattara haraji yadda ya kamata, ba a iya ƙidayar jama'a, kotu ba ta gane wanda take nema, coci kuma ba ta iya tantance ko masu shirin aure 'yan uwan juna ne na kusa. Tare da dokar aka buga wani kundi mai suna Catálogo alfabético de apellidos, mai ɗauke da sunaye kimanin 60,000 a jere bisa haruffa. Akwai sunayen Sifaniyawa a ciki, akwai na tsirrai da ma'adinai da garuruwa, akwai kalmomin harsunan gida, har da waɗanda ba wanda zai so a kira shi da su a gaban jama'a, irin sunayen dabbobi.

Aka aika wa kowane lardi rabonsa, shugaban lardi ya rarraba wa garuruwa, limamin coci da dattawan gari suka tara magidanta, kowa ya karɓi suna ɗaya da zai zama na iyalinsa har abada. A wasu wurare shafukan kundin aka raba yadda suke, sai gari guda ya tashi da harafi ɗaya. A garin Oas da ke lardin Albay, har gobe sunayen iyalai masu yawa da harafin R suke farawa. Ku yi tunanin wahalar malamin da zai jera rajistar irin wannan aji.

Dokar ba ta bar 'yan makaranta a baya ba. An umarci malamai su buɗe rajistar yara da sabon sunan kowa, su kuma tabbatar da cewa da wannan sunan yaran ke kiran junansu. Wanda ya sauya sunansa bayan an rubuta, ɗauri ko tara ke jiransa.

Ga inda labarin ya fi daɗi. Clavería ya yi sassauci, ya ce iyalin da suka iya nuna cewa sun riƙe suna ɗaya har tsawon zuriya huɗu, su ci gaba da abinsu. Amma ya ware wasu sunaye ya ce su ban da su, saboda yawansu ne ya haddasa ruɗanin tun farko. Cikin waɗanda ya ambata ƙarara akwai de la Cruz da de los Santos. Wato dai sunan da muke bin sawunsa na daga cikin waɗanda aka yi dokar domin a rage.

Me ya sa bai mutu ba? Doka a takarda daban, aiwatar da ita a dubban tsibirai daban. Clavería kansa ya bar kujerar kafin shekarar ta ƙare, ya koma Sifen, ya rasu a 1851. An bar wa limamai da shugabannin larduna su yi amfani da hankalinsu, kowa kuwa da yadda ya ɗauki abin. Wasu suka tsananta, wasu suka yi sakwa-sakwa, iyalai da dama suka ci gaba da amsa sunan da suka saba. A ganinmu akwai wani dalilin kuma: da wuya ka raba mutum da sunan da yake ganin na addininsa ne, ka musanya masa da wata kalma daga shafin littafi.

Akwai ma yankunan da dokar ba ta taɓa ba sam. Musulunci ya riga Sifaniyawa isa tsibiran, har Manila kanta wani sarki Musulmi, Raja Sulayman, na cikin masu mulkinta lokacin da suka zo. A kudu, sarakunan Sulu da Maguindanao sun daɗe suna turjiya, don haka Musulmin Mindanao da Sulu suka riƙe sunayensu na Musulunci da na gargajiya. Haka ma ƙabilun da ke kan duwatsun arewacin tsibirin Luzon. Shi ya sa Dela Cruz ya fi kauri a yankunan da mulkin Sifen da coci suka daɗe da kafuwa, musamman Manila da lardunan da ke kewaye da ita. Wasu iyalan kuma sun tsira da sunayen gida, kamar Magsaysay da Macapagal, waɗanda dukansu sun fitar da shugabannin ƙasa. Masu asalin Sin su ma suna da nasu, irin su Tan da Lim da Cojuangco.

Da tafiya ta yi tafiya, rubutun sunan ya sauya. A Sifen da Meziko kalmomi uku ne, de la Cruz. A Filifins mutane da yawa sun haɗe biyun farko ya koma Dela Cruz. Idan kuka ga an rubuta shi a haɗe, galibi mai sunan ɗan Filifins ne ko jikansu.

Daga Manila zuwa ko'ina

Hanyar farko da ta fitar da mutanen tsibiran waje ita ce ta manyan jiragen kasuwanci da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Manila da tashar Acapulco ta Meziko daga 1565 zuwa 1815. 'Yan Filifins da yawa sun yi aiki a jiragen, wasu suka sauka a Meziko ba su koma ba.

Babbar ƙofa ta buɗe ne bayan 1898, lokacin da Sifen ta sha kashi a hannun Amurka ta miƙa mata Filifins a kan dala miliyan 20. A 1906 aka kai rukunin farko na leburori, mutum 15, gonakin rake na tsibirin Hawai, dubbai suka biyo bayansu. Wasu suka wuce gonakin Kalifoniya da masana'antun kifi na Alaska. Filifins ta sami 'yancin kai a 1946, amma tafiyar ba ta tsaya ba, musamman bayan 1965 da Amurka ta sassauta dokar shige da fice, ma'aikatan jinya suka yi ta kwarara. Yau masu asalin Filifins a Amurka sun haura miliyan 4. Can ma sunan na jawo musu wani ruɗanin, domin akan ɗauka 'yan Meziko ne.

Daga 1974, a zamanin Shugaba Ferdinand Marcos, gwamnati ta mayar da tura ma'aikata ƙasashen waje wata manufa ta hukuma. Lokacin kuwa kuɗin man fetur ya buɗe ayyuka a ƙasashen Larabawa. Da haka sunaye irin su Dela Cruz, Santos da Reyes suka isa Saudiyya, Kuwait, Ƙatar da Dubai, suka isa Hong Kong da Singafo da asibitocin Ingila. Filifins na cikin ƙasashen da suka fi samar da ma'aikatan jiragen ruwa a duniya, don haka da wuya a sami babbar tashar jiragen ruwa da sunan bai taɓa sauka ba. Alhazanmu da suka taɓa zuwa asibiti a Saudiyya sun san nas-nas 'yan Filifins. Mu ma nan guguwar ta iso mu: ku tambayi iyayenku ko kakanninku da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980, da yawansu za su tuna malamai 'yan Filifins da suka koyar da su lissafi da kimiyya.

Saura abu ɗaya. A farkon ƙarni na 20, bayan zuwan Amurkawa, wani ɗan jarida ɗan asalin Sukotlan, Robert McCulloch-Dick, wanda ya jagoranci mujallar Philippines Free Press, ya lura cewa a littattafan 'yan sanda da takardun kotu suna ɗaya ke ta maimaituwa: Juan de la Cruz. Sai ya riƙa amfani da shi a rubuce-rubucensa a matsayin sunan talakan ƙasa. A 1912 wani mai zane, Jorge Pineda, ya ba shi siffa: mutum mai sauƙin kai, sanye da rigar gargajiya da faffaɗar hula mai kama da malfa da suke kira salakot. Tun daga nan masu zanen barkwanci suka rungume shi. Idan farashin shinkafa ya tashi, jaridu kan tambayi yadda Juan dela Cruz zai yi. 'Yan siyasa kuma a lokacin zaɓe kowa cewa yake domin Juan dela Cruz ya fito. Mace kuwa Juana ko Maria dela Cruz ce.

Yau idan wata ma'aikatar gwamnati ko banki a Filifins za su nuna wa jama'a yadda ake cike fom, ko su buga samfurin katin shaida, sunan da suka fi rubutawa a gurbin suna shi ne Juan Dela Cruz.