Yaron Da Ba Ya Saurin Fahimta

Mai gida da uwar gida, ku karanta wannan, ko ku sa a karanta muku.

Da wuya a sami ƙauyen da babu yaro ko yarinya wanda fahimtarsa ba ta kai ta tsaransa ba. Ya yi jinkirin zama, ya yi jinkirin tafiya, magana ma da ƙyar ta zo. In an aike shi sayen gishiri sai ya komo da barkono. Mutane su kan ce da shi dolo, ko gaɓo. Waɗansu har su ce ɗan ruwa ne, wai aljannu suka musanya shi. Ba haka ba ne. Ɗanku ne, jininku. Ƙwaƙwalwarsa ce ba ta girma yadda ya kamata ba, ko kuwa wani ciwo ya taɓa ta tun yana ƙarami. Wannan dabam ya ke da taɓin hankali, kuma ba a ɗaukarsa ta wurin cin abinci ko wasa tare.

Abubuwan da ke kawo shi sanannu ne. Wani tun a ciki ya ke samuwa, in uwa ta rasa wani sinadari da a ke kira aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo. Don haka ne tun 1993 aka wajabta zuba aidin cikin gishirin ci a Nijeriya. Wani doguwar naƙuda ce, jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba. Wani shawara ce ta kama shi cikin makon haihuwa, idanu suka yi ɗorawa, aka tsaya jiƙe-jiƙe a gida. Wani kuma lafiya lau aka haife shi, sai sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai sa suma ya bar masa wannan tabo. Dalma ma tana yi. A 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara, yara wajen 400 suka mutu saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, da yawa daga waɗanda suka tsira kuwa ƙwaƙwalwarsu ta taɓu.

Akwai kuma waɗanda haka a ke haifarsu, masu ɗan shimfiɗaɗɗen hanci, da ƙananan idanu a ɗan karkace, da laushin jiki. Wani likitan Ingila, Dokta Down, shi ya bayyana irinsu a 1866. Ana haifarsu a gidan sarki, ana haifarsu a gidan talaka. Da yawansu su kan zo da ciwon zuciya, saboda haka a kai su likita ya duba tun suna jarirai.

Na tsaya na lissafa waɗannan ne domin an cika ɗora wa uwa laifi. A ce ta yi wanka da magariba, ko ta keta juji, ko abin daga danginta ya ke. Wata har igiyar aurenta ta kan tsinke a kan haka. Wannan zalunci ne, mai gida, kada ka bari a yi shi a gidanka.

Yanzu me za ku yi? Da fari ku kawo shi ɗakin shan magani. Gaskiya babu allura ko ƙwaya da za ta mai da shi kamar tsaransa, wanda duk ya ce ku sayar da rago ya yi muku magani, kuɗinku ya ke so. Amma za a duba kunnensa da idonsa, gama yara da yawa da a ke kira dolaye ji ne kurum ba su yi sosai. In yana farfaɗiya, ita tana da magani.

Sa'an nan ku koya masa. Yana koyo, sai dai a hankali. Abu ɗaya za ku ɗauka, kamar wanke hannu ko sa riga. Ku nuna masa da hannu, ku yi tare, gobe ku sake, jibi ku sake. Ran da ya yi daidai ku yaba masa a gaban mutane. Tsawa da bulala ba su ƙara masa kome sai tsoro. In ya tasa ku ba shi aikinsa na kansa: ba awaki dusa, ɓarar gyaɗa, tufkar igiya, ban ruwa a lambu. Wanda a ke jiran aikinsa a gida ba a raina shi a waje.

Ku sa shi makaranta, ta allo da ta boko. Akwai dokar Gwamnatin Tarayya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci, ta kuma ba su ikon yin karatu kyauta har ƙarshen sakandare. Kai da kanka za ka kai shi, ka zauna da hedimasta ka gaya masa abin da yaron ya iya da abin da ke firgita shi. Ka roƙa a zaunar da shi a gaba, a haɗa shi da wani yaro mai haƙuri su riƙa tafiya tare, kada kuma a doke shi don ya kasa hadda. Watakila ba zai ci jarrabawa ba. Amma zai koyi gaisuwa, da ƙirga kuɗi, da zama cikin mutane, ya iya Fatiha ya yi salla. Sauran yaran kuma su saba da shi, su ne fa za su zama manyan garin da zai zauna a ciki.

A cikin gari ku kira shi da sunan da aka raɗa masa, ku hana kowa kiransa da wani. In an ɗinka wa yara kayan Salla a ɗinka masa. In baƙi sun zo kada a kulle shi a ɗaki, balle a ɗaure shi a turu. Kada a tura shi bara. Yaran da ke binsa da jifa da waƙa, a gaya wa iyayensu, in ba su bari ba a kai magana wurin mai unguwa.

Uwar gida, in mace ce sai kin ƙara sa ido. Irin waɗannan 'yan mata su mugayen maza su ke nema, don sun san ba su iya ba da labari. Kada ki aike ta talla ita kaɗai. Ki koya mata tsabtar haila tun kafin ta fara, ki koya mata cewa ba wanda zai taɓa jikinta. In ta ce wani ya taɓa ta, ki gaskata ta, ki kawo ta asibiti a ranar.

Saura magana ɗaya, mai gida. Yana da rabonsa na gado cikakke kamar kowane ɗa. Tun kana da rai ka tara 'yan'uwansa a gaban liman da shaidu, a san wanda zai riƙe shi bayanka, da wanda zai kula masa da gonarsa.