Wahaya a gaban shari'a: kotun waje ta rufe, saura alƙalan gida

A jihar Tawa, daga Abalak da Cintabaraden can arewacin Adar har zuwa Illela, Buza, Madawa da Birnin Ƙonni, kalmar «wahaya» ba baƙuwa ba ce. Ita ce yarinyar da ake saye daga zuriyar da ake kira bayi, a kai ta gidan mai hali a bayan matansa huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure. Ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta haihu, amma ba ta da matsayin matar aure.

Tun shekara ta 1991 ƙungiyar Timidria, wadda sunanta ke nufin ƴan'uwantaka da harshen Tamashek, take yaƙi da wannan al'ada. A ran 13 ga Yuni 2003 aka samu doka mai lamba 2003-25, wadda ta sa bauta cikin manyan laifuffuka: ɗaurin shekara 10 zuwa 30, da tarar miliyan 1 zuwa 5 na CFA. Dokar ta kuma bai wa ƙungiyoyin yaƙi da bauta ikon shigar da ƙara.

Amma rubuta doka daban, aiki da ita daban. Shari'ar Hadijatu Mani ce ta nuna haka. An sayar da ita a 1996, tana da shekara 12, a kan jikka 240. A 2005 ubangidanta ya ba ta takardar ƴanci, sa'an nan ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. A Maris 2006 ƙaramar kotun Ƙonni ta ce babu aure a tsakaninsu. A Yuni, babbar kotun garin ta rushe hukuncin, bisa hujjar al'ada. Da Hadijatu ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata 6 a 2007, wai ta yi aure kan aure.

Daga nan maganar ta kai gaban kotun CEDEAO, wadda ta zo ta zauna a Yamai. A ran 27 ga Oktoba 2008 ta yanke cewa Hadijatu ta yi zaman bauta, kuma ƙasar Nijar ta kasa kare ta, sai ta biya diyyar miliyan 10. Abin da masana shari'a suka fi riƙewa shi ne dalilin hukuncin: alƙalin da ya ga alamar bauta a cikin ƙarar da ke gabansa, wajibi ne ya tsayu a kanta, ko ba wanda ya nema. Shirunsa laifin ƙasa ne.

Hukuncin bai faɗi ƙasa banza ba. A 2014 kotu a Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara 4 saboda riƙe wahaya, karo na farko ke nan. A 2019 kuma kotun ƙoli ta tabbatar da cewa al'adar ta saɓa wa doka.

Sai dai a ran 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata, ƙofar da Hadijatu ta bi ta rufe ga wadda za ta biyo bayanta. Yarinyar da ke wani ƙauye na Keita ko Abalak ba ta da madogara sai jandarman da zai karɓi kokenta, da hakimin da ba zai ce a sasanta a gida ba, da alƙalan Tawa da na Ƙonni. Doka ta 2003 ba daga waje ta zo ba, ƴan majalisar Nijar ne suka kafa ta. Hausawa sun ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai sayen yarinya na da laifi, haka ma alƙalin da ya gani ya kau da kai.