Amana Tsakanin Uwargida da Masu Sayar Mata da Kaya

 Gaisuwa ga matan Yelwa da Shanga da Wara da Ngaski, da na ƙauyukan bakin ruwa baki ɗaya. Yau zancenmu a kan mutanen da ke sayar miki da kaya ne, da yadda za ki riƙe su har su riƙe miki amana.

Ke da kike cikin gida, yawancin masu sayen kayanki ba ki taɓa ganin fuskarsu ba. Ke kika soya kifin, ke kika murza ƙuli-ƙuli, amma ƙafar wani ce ta kai su kasuwa, hannun wani ya karɓo kuɗin. Yarinya mai talla, da almajirin gida, da dillaliya, da ƙanen miji mai sayo miki ɗanyen kifi a bakin ruwa, su ne ayarinki. Wata baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta kira cinikin matan kulle ɓoyayyiyar kasuwa, don ta ga hatsi mai yawa ta cikin gidaje ake sayar da shi. Nan wajenmu kuwa, tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya cika, kifi ya ƙara zama babbar sana'a. Tarwaɗa da karfasa kuma ba su jiran a gama rigima. In yarda ta lalace da safe, kafin yamma jari ya yi wari.

To, daga ina yarda ke farawa? Daga wajenki take farawa, uwargida. In kin cusa kifin jiya a ƙarƙashin na yau, ko kin lotsa gindin mudu, yarinyar da ta ɗauki farantin tana kallo. Ita za a zaga a kasuwa, kuma kin koya mata cewa ha'inci ba komai ba ne a gidan nan. Ranar da ta taɓa cinikinki, darasinki ta biya.

Sai batun ƙirga. Kada kaya su fita ƙofa sai kun ƙirga tare, da baki, a gaban juna: guda nawa ne, nawa-nawa ne, ina iyakar ragi. Ki faɗa mata wa kika yarda a ba bashi, wa ba ki yarda ba. In ba ki iya rubutu ba, ki ja layi da gawayi a bango ko ki ware tsakuwa. Wasu na ganin ƙirga kamar zargi ne. A'a, ƙirga ce ke hana zargi, domin inda babu lissafi nan zato ke shiga, zato kuwa zunubi ne.

Haka dillaliya. Ku yanke la'adarta tun kafin ta ɗauki atamfa ko kwano, kuma in ta sayar ki ba ta a ranar. Dillaliyar da ba ta san rabonta ba, ita ce ke ƙara kuɗi a ɓoye.

Yanzu mu zo kan kwantai, don a nan gidaje da yawa ke ɓarna. Yarinya ta dawo da saura, sai duka da zagi, har a hana ta abinci. Me kika koya mata? Gobe in kaya ba su ƙare ba, ba za ta dawo ba. Za ta kai dare a tasha ko a bakin jirgin ruwa, kuma duk namijin banzan da ya ce zai saye duka, ya samu hanyarta. Don naira nawa, 'yar uwa? Ki sa mata lokacin dawowa, ko an sayar ko ba a sayar ba, kuma kada talla ta ci lokacin makaranta. In ta dawo da kwantai, ki tambaye ta: me masu saye suka ce? Ta yiwu gishiri ya yi yawa, ta yiwu maƙwabciya ta fi ki girman yanka. Ita ce idonki da kunnenki a kasuwa, kuma wadda ke tsoron duka ba ta kawo labarin gaskiya.

In kuɗi sun yi giɓi, ki kira ta ɗaki ku biyu. Kada ki kira ta ɓarauniya a tsakar gida a gaban kishiya da yara. In kuma 'yan tallarki biyu ne ko uku, kada ki riƙa yabon ɗaya don ki ƙona ran sauran, sai su koma yi wa juna zagon ƙasa. Ki raba musu unguwanni, kowacce ta san nata.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, masu saye da yawa sun koma tura kuɗi ta waya. Ki gaya wa yaranki kada su saki kaya don an nuna musu saƙo a wayar mai saye, sai kin ga kuɗin sun shigo wajenki. In an yaudari yaro da saƙon ƙarya, ki tuna manya ma ana yi musu.

Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, attajira ce da ke ba maza dukiyarta su tafi fatauci, kuma labarin gaskiya da amana ne ya sa ta zaɓi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kai mata kaya Sham. Ke ma ki zaɓi mai gaskiya, ki biya shi haƙƙinsa a kan lokaci.

Allah Ya sa albarka a sana'armu, Ya tsare mana 'ya'yanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.