Sufacaja A Injin Da Ba A Ƙera Shi Domin Ta Ba

Injin mota da iska yake aiki kamar yadda yake aiki da fetur. Iyakar iskar da silinda ta zuƙa, iyakar man da za ta iya ƙonawa ke nan, shi ne kuma iyakar ƙarfinta. Sufacaja famfon iska ce da bel ke juyawa daga kiranshaf, tana ɗura wa injin fiye da abin da zai shaƙa da kansa, kamar yadda zuga-zugin maƙeri ke hura wuta. Asalinta ma daga can ne: a 1860 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiyana a Amurka, suka yi rajistar famfon da aka riƙa hura tandun narka ƙarfe da shi. A 1921 Mercedes ta nuna motoci masu ɗauke da sufacaja a Balin, kuma sufacajar ce ma'anar Kompressor da muke gani a bayan wasu Marsandi.

Lissafin yana da jan hankali. Matsin iskar da muke shaƙa a gaɓar teku psi 14.7 ne. In aka ƙara 7 a kai, an kusa ƙara rabin iskar ke nan. Shi ya sa mai mota yake jin cewa da an ɗaura, an gama.

Ba a gama ba. Injin da ke shaƙar iska da kansa yawanci yana matse haɗin mai da iska ninki 10 ko 11 kafin filogi ya ba da wuta. Tsofaffin injunan da aka ƙera domin sufacaja ko turbo ana tsayar da su a wajen 8 zuwa 9, don a bar wa ƙarin iskar wuri. To ka ɗura iska a wanda matsinsa ya riga ya yi sama, iskar kuma ta zo da zafi, domin duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Sai wani ɓangare na man ya fashe da kansa kafin wutar filogi ta iso shi. Direba zai ji wata ƙara ƙas-ƙas lokacin da ya taka totur a hawa. Wannan ƙarar duka ce a kan fistin. In bakanike ya buɗe irin wannan injin, zai tarar bakin fistin ya gutsure daidai mazaunin ringi, gasket ya ƙone tsakanin silinda biyu, wani lokacin kwanrod ya lanƙwashe. Ga wanda ke tuƙi a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, haɗarin ya fi kusa.

Sai batun mai. Nozul da famfon mai na asali an auna su ne da iskar asali. Iska ta ƙaru, mai bai ƙaru ba, wutar cikin silinda sai ta tsananta har ta narka fistin. Dole a sa manyan nozul, a sake saita kwamfutar motar ta ƙara mai ta kuma jinkirta wutar filogi, a sa na'urar sanyaya iskar, a sha fetur mai yawan okten. Kulocin da giyar ma za su ɗauki nauyin da ba a yi su dominsa ba.

Ana iya yi, gaskiya ne. Sashen TRD na Toyota ya taɓa sayar da sufacaja ta injunan V6 na Camry, Tacoma da 4Runner, amma da ɗan matsi kaɗan, bayan gwaji, kuma da sharaɗin fetur mai inganci. Wannan ya sha bamban da cirowa daga motar da ta yi haɗari a ɗaura wa tsohon injin da ringinsa ya riga ya fara shan baƙin mai.

A ganina, wanda ba zai iya biyan kuɗin saitin kwamfuta, nozul da sanyaya iska ba, ya bar injinsa yadda kamfani ya yi shi. In ƙarfi yake nema, ya sayi motar da ta fito da sufacajarta daga masana'anta.